Shekarar da Shaho Ya Ƙi Rimin Waziri

A zamanin da, tun ba a san kwano ba sai ƙwarya da akushi, an yi wani Sarki ana ce da shi Ranau. Garinsa ba wani babba ba ne, amma yana da abin da maƙwabta ba su da shi. Kowace shekara in an gama girbi an kai hatsi masussuka, sai wasu shahuna biyu, mace da namiji, su sauko daga arewa su zauna a garin. Nan za su yi ƙwai, su ƙyanƙyashe, su goyi 'ya'yansu, in ruwan farko ya sauka su tashi su koma inda suka fito. Muddin suna nan, kurciya da jan-baki ba sa sakewa su yi wa hatsin mutane ɓarna.

Saboda haka tun kakannin Ranau aka kafa doka. Duk wanda shaho ya sauka a bishiyar gidansa, shi ne mai masaukin baƙin Sarki. Ranar Juma'a ana shimfiɗa masa farin buzu a hannun daman Sarki, gaba da Galadima, gaba da kowa. Wanda kuwa ya cuci tsuntsayen, ko ya raba su da masaukinsu ta wata dabara, a rushe gidansa, a fitar da shi daga gari da abin da ke jikinsa kaɗai.

To, shekara tara shahunan nan suna sauka a kan wani dogon rimi da ke ƙofar gidan Waziri Makau. Shekara tara yana zama a kan farin buzu, har ya ɗauka da shi aka haife shi. A ta goma, da kaka ta yi, ya tara makaɗa a ƙofar gida, ya sha babban rawani, ya zauna jiran baƙinsa. Ran nan da hantsi sai ga su sun ɓullo. Makaɗa suka kama kiɗa. Shahuna suka kewaya rimin sau ɗaya, sau biyu, macen ta sauko ƙasa-ƙasa kamar mai duba kaya a kasuwa, ta yi wata ƙara, ta juya. Namijin ya bi ta. Ba su tsaya ko'ina ba sai unguwar mahauta, a kan wata tsohuwar kuka da ke bayan gidan wata mata mai suna Tasalla.

Ita Tasalla mijinta Nomau mahauci ne, ya rasu ya bar mata gida mai ɗaki biyu, da tukunya, da kukar nan. Ganda take dafawa da kayan ciki tana sayarwa. Ba ta roƙo, ba ta sassauci, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi ciniki da ita ya ce ya cuce ta ba.

Labari ya kai fada. Sarki Ranau ya daɗe yana shafa gemu, don ba a taɓa shimfiɗa wa mace buzun nan ba, balle mai ganda. Daga baya ya ce, "Kakanninmu ba su ce gidan babba ba, ba su ce gidan namiji ba. Gidan da shaho ya sauka suka ce. A kai mata goro, ta zo ranar Juma'a."

Ranar Juma'a Tasalla ta wanke zanenta na saƙi, ta zo ta faɗi ta yi gaisuwa, ta zauna a kan buzu daram, kamar gadonta ne. Waziri ya koma ƙasa da ita da taki ɗaya. Taki ɗaya ne fa, amma a ransa ya fi tafiyar wata. Yana ji Sarki yana juyawa yana tambayarta, "Ina baƙinmu? Sun kwana lafiya?" Tambayar da shekara tara shi ake yi wa. Yana gani Galadima yana ɓoye murmushi a cikin amawali. Da ya koma gida aka kawo tuwo, ya kai loma ɗaya ya ture akushin. Tun daga ranar ba shi da aiki sai hawa soro ya zura wa kukar unguwar mahauta ido. In ya hango shaho ya tashi daga can, sai ya ji kamar daga ƙirjinsa aka fizgi nama.

Da abin ya ishe shi, ya hau doki ya tafi gidan Tasalla da kansa. Ya tarar da ita tana babbake ƙafar sa, hankaki sun cika bayan gida suna tsintar abin da ta zubar.

Ya ce, "Matar marigayi Nomau, na zo taya gidan nan."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ban kasa shi ba."

"Zan ba ki gida a unguwar fada, mai soro, da rijiya a tsakar gida."

"Albarka."

"In ƙara miki da shanu, da mai yi miki daka."

"Albarka, ranka ya daɗe. Shekara ashirin kana wucewa ta nan kana toshe hanci da hannun riga. Yau kuma unguwar ta yi ƙanshi? Ni na san abin da ka zo saye, ba ya hannuna. Gida nawa ne, ban sayar ba. Abin da ke kan kuka ba nawa ba ne, ni kuwa ba na cinikin biri a sama."

Waziri ya ce, "Ki yi tunani. Buzun nan ya fi ƙarfin zanenki."

Ta ce, "Na zauna a kai, bai yi ƙara ba."

Ya juya doki ba sallama. Wanshekare ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ina da ƙara. Tsuntsun da ya shekara tara a wuri ɗaya ba ya tashi haka kawai. Matar nan asiri ta yi ta janye baƙinka. Mahauta sun san sirrin jini. A je a ga bayan gidanta, baƙaƙen tsuntsaye sun kewaye ta kamar 'yan bori. Doka ta ce wanda ya raba shaho da masaukinsa ta dabara a rushe gidansa. Ni ba don kaina nake magana ba."

Wanda duk ya ce ba don kansa yake magana ba, ka duba aljihunsa.

Aka aika dogari ya zo da Tasalla. Ta ji ƙara har ƙarshe, ba ta katse ba. Sannan ta ce, "Zaki, na ji abin da zan rasa in an same ni da laifi: gidana, da garin da aka binne mijina. Ban ji abin da Waziri zai rasa ba in ƙarya ya yi mini. Ciniki ba ya yiwuwa kayan mutum ɗaya ne kawai a faifai."

Sarki ya dubi Waziri. Waziri, don kada a ce ya ji tsoron mai ganda, ya ce, "Na sa rawanina a faifai."

Sarki ya ce, "An ji. Gobe da sassafe mu haɗu a gindin kukar. Shari'ar tsuntsu ba a yin ta a cikin soro."

Gari na wayewa aka shimfiɗa wa Sarki darduma nesa kaɗan da kuka, don kada a firgita baƙi. Aka kira Jatau Sarkin Baka, shugaban maharba, ya tsuguna gefe. Can a tsakanin rassa ana hango sheƙa, tarin kirare babu tsari, shaho ɗaya babba na kwance a ciki, kansa kawai ake gani. Ɗayan, ƙarami, ya tashi ya yi ta hawa sama yana kewayawa, har ya koma kamar ƙwayar gero a ido. Jim kaɗan wasu kurciyoyi suka taso daga masussuka za su rafi. Sai ɗigon nan ya naɗe fikafikai ya sako kansa. Mutane suka ji ƙara kamar an keta sabon ƙyalle. Kafin a ce me, gashin kurciya ya watse a iska, shaho ya yi gaba da ita a ƙafa. Ya doso kuka yana kira. Babban ya taso daga sheƙa, ya tare shi a sama, ya juya ciki sama ya karɓe kurciyar daga ƙafarsa, ko ƙasa ba ta taɓa ba. Ƙaramin ya wuce ya kwanta a kan ƙwai har babban ya gama ci.

Sarki ya yi kabbara. Ya ce, "Waziri, kai ka shekara tara da su. Wanne ne mijin?"

Waziri ya ce, "Babban mana, ranka ya daɗe. Ga shi an kawo masa abinci har gida."

Tasalla ta yi dariya har ta riƙe baki. Ta ce, "Ayya. Babbar ita ce matar. Ita ta yi ƙwan, ita ke kwanci, shi ke cefane. In ya makara har faɗa take yi masa, ina ji ina wanke hanji."

Sarki ya dubi Sarkin Baka. Jatau ya ce, "Gaskiyarta, Zaki. A wurin shaho mace ta fi girma."

Wani daga cikin fadawa ya yi tari don ya ɓoye dariya. Waziri ya ji tarin nan har cikin ƙashinsa. Ya ce, "Sanin mace da namiji ba ya wanke ta daga asiri. A gaya mini abin da wannan ruɓaɓɓiyar kuka ta fi rimina da shi!"

Tasalla ta sassauta murya, irin yadda ake yi wa mai kaya in ana so ya kwance buhu da kansa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, mai kaya shi ke yabon kayansa. Mu ba mu san rimin ba sai daga nesa. Wane tanadi ka yi wa baƙin bana?"

Waziri ya gyara zama. Ya ce, "Tanadin da ba a taɓa yi ba. Bara wani baƙon attajiri ya ga rimin ya ce, ashe baƙin Sarki cikin ƙazantar hankaki suke kwana. Abin ya yi mini ciwo. Da shahuna suka tafi na sa aka kori hankakin nan kaf, aka sauko da tarkacen da ke kan rassa aka ƙone. Na kira masu saƙar kwando suka saƙa sheƙa ta kaba mai kyau, aka rina ta ja wur, aka shimfiɗa alharini a ciki, aka ɗaure a can ƙoli. Har turare na sa aka yi. Wane tsuntsu ne zai bar wannan ya zo nan in ba an juya masa kai ba?"

Sarkin Baka ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa.

Tasalla ta ce, "Zaki, ka ji da kunnenka. Shaho ba ya gini. Ko tsinke ɗaya ba ya ɗauka. Hankaka ke gina sheƙa da damina, ya yi 'ya'yansa ya tashi, shaho ya zo da kaka ya tarar da kango ya shiga. Wannan da kake gani, a gabana hankaki suka gina ta. Waziri ya kori magina, ya ƙone ɗakin, ya rataya wa baƙi kwando mai sheƙi yana lilo a iska. Suka zo ba su ga gidansu ba, suka nemi inda magina suka koma. Asirin ke nan, ba ni da wani."

Waziri ya miƙe tsaye. "A gaban Sarki kike cewa baƙinsa a kangon hankaka suke kwana? Tsuntsun da ke cin mushe? Wannan ma wani laifin ne!"

Sarki ya ce, "Jatau, me ka sani?"

Jatau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a kan duwatsu na ga shaho ya yi ƙwai a kan tsuran dutse, ba kara ko ɗaya. Na bishiya kuwa na ji tsofaffinmu suna faɗin haka, amma ban gani da idona ba, ba zan rantse ba."

Sarki ya ce a hau a dubo. Tasalla ta ce, "A'a, Zaki. In mutum ya hau, uwar za ta tashi, ƙwai ya yi sanyi, ko ta fasa wa mai hawa kai. In ƙwan ya lalace, dokar a kan wa za ta faɗa? A bari ruwa ya sauka baƙi su tafi. Mai ɗaki zai dawo ɗakinsa, kowa ya gani."

Sarki ya yi tunani ya ce, "Haka za a yi. A naɗe buzu a ajiye, kada kowa ya hau shi. Daga ranar da shahuna suka tashi, in kwana bakwai suka cika hankaka bai zo ya kama sheƙar nan ba, a rushe gidan Tasalla. In ya zo, Waziri ya san abin da ya sa a faifai."

Watannin da suka biyo baya ba su yi wa Tasalla daɗi ba. Kalmar asiri in ta manne wa mai sayar da abinci, ta fi kunama. Masu saye suka janye. Tana dafa ganda tun safe, rana ta faɗi tukunya ba ta yi rabi ba. Duk da haka ba ta ƙara wa kowa ko yanka ɗaya ba don ya dawo. A kan kuka kuwa ƙwai ya fashe, 'ya'ya uku suka fito farare kamar auduga, uwa da uba suna ta jigila. Wani lokaci su fita tare, namijin ya bi ƙasa-ƙasa ya tayar da tsuntsaye daga gona, macen ta jira su a sama.

Shi ko Waziri bai zauna ba. Ya kira masu tarko a ɓoye, ya ce duk wanda ya kawo masa kan hankaka yana da mudun gero. Tasalla ta lura hankakin bayan gidanta suna raguwa, ta tsinci tarko biyu a gindin kuka, ta gane. Ba ta je fada ta yi kuka ba. Ta aika wa masu tarkon cewa duk wanda ya kawo mata tarkonsa, yana da ƙwaryar ganda har da romo, ya ci a nan take. Gero sai an surfa, an daka, an dafa. Ganda kuwa ga ta tana tururi. Cikin 'yan kwanaki tarkuna suka cika ƙuryar ɗakinta. Amma an riga an yi ɓarna, hankakin da suka rage sun tsorata, sun koma bayan gari.

Bazara ta yi, 'ya'yan shaho suka yi fiffike, suka koyi farauta a kan fara da ƙadangaru. Ran nan hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya sauka, ƙasa ta yi ƙanshi. Da safe shahuna biyar suka kewaya gari, suka miƙa arewa, suka bi bayan tsuntsayen da ke bin sabuwar ciyawa. Sarki ya sa Jatau ya zauna a gindin kuka ya zama shaida.

Kwana ɗaya, ba hankaka. Kwana uku, babu. Tasalla tana zuba tumbi da hanji a bayan gida, ungulu kawai ke sauka. A rana ta biyar Waziri ya aiko da magina da diga suka zauna a ƙofar gidanta, wai don kada a ɓata lokaci. Ta leƙo ta gan su ta ce, "In za ku ci ganda ku saya, in ba za ku ci ba ku matsa, kuna tare mini ƙofa." Amma da ta koma ɗaki sai ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallon bangon da Nomau ya yaɓa da hannunsa.

A rana ta shida da hantsi Jatau ya yi kira. Hankaki biyu sun sauka a kan kuka. Ɗaya ya leƙa sheƙar, ya shiga, ya fara watso gashin kurciya da ƙasusuwan da baƙi suka bari. Ɗayan ya tafi ya dawo da kara a baki. Kafin azahar duk unguwa ta taru, Sarki da kansa ya zo ya tsaya yana kallo, suna ta kai da kawo da kirare da gashin akuya da tsumma, kamar masu gida da suka dawo daga cin rani.

Aka koma fada. Tasalla ta sa aka ɗauko tarkunan nan aka zube a gaban Sarki, masu su kuma suka faɗi wanda ya sa su. Sarki Ranau ya ce, "Makau, ka kai ƙarar wanda ya raba shaho da masaukinsa, ga shi an same shi, kai ne. Ka sa rawaninka, ka faɗi. Doka kuma ta ce a rushe gidanka."

Waziri ya kwance rawani da hannunsa, ya ajiye a gaban Tasalla. Ta dubi rawanin ta ce, "Zaki, me zan yi da wannan, in tace koko? Rushe gidansa kuma ba zai dawo mini da masu sayena ba, ga rimin bishiya ce mai kyau, ba ita ta yi laifi ba. In an ba ni zaɓi, ya ɗauki rawaninsa. Amma ranar kasuwa ya zo ya zauna a gaban tukunyata, ya ci ganda kowa na gani, ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi mini. Sannan kullum safe ya zuba wa hankaki abinci a gindin riminsa da hannunsa, ba bawa ba, ba bara ba, har su yafe masa su dawo. Abincin kuma a wurina zai saya."

Waziri ya ce, "Abin da kike zubarwa a banza?"

Ta ce, "Da can ne ba shi da mai so."

Sarki ya yi dariya har ya share ido, ya ce an zartar. Aka shimfiɗa wa Tasalla buzunta, gidanta ya tsaya, ranar kasuwa kuwa tukunyarta ta ƙare tun kafin rana ta take tsaka.

Damina biyu Waziri yana tsugunawa a gindin rimi yana kiran hankaki, har suka amince suka yi gini. A kaka ta uku shahuna huɗu suka sauko daga arewa. Biyu suka wuce kukar Tasalla, biyu suka sauka a rimi. Jatau ya ce macen ta rimi cikin 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a kuka take, ya gane ta da wani farin gashi a fiffike. Waziri ya zo fada da murna har yana tuntuɓe, aka jeme buzu na biyu, ya ɗauka zai shimfiɗa kusa da Sarki.

Tasalla ta sa ƙafa ta taka bakin buzun. Ta ce, "Sannu dai, ranka ya daɗe. Naka 'ya ce, nawa iyaye. A garin nan yaushe 'ya ta fara zama gaba da uwarta?"

Sarki ya ce, "Matsa ƙasa, Makau."

Ya matsa taki ɗaya, nan ya zauna har ƙarshen ransa.

Iyakar abin da ya zo hannuna ke nan. Na auna muku shi cif, ban rage ba, gyara kuwa babu.